Sauka a Hazon Tamanrasset

Ɗan ƙanwata ya gama koyon tuƙin jirgin sama bara, ya zo gaishe ni a Zariya da 'yar kwamfutarsa a hammata. Muna cikin shan shayi ya ce, "Kawu, don Allah me ya sa har yau ake wahalar da mu da karatun tsofaffin na'urorin sauka? Ga tauraron ɗan'adam yana nuna maka inda kake, ko faɗin ɗaki ba ya kuskurewa." Na tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Tamanrasset. Ya ce a taswira dai. Amsar da na ba shi a daren nan ce na ga ya kamata in sa a takarda, don na yi shekara talatin da 'yan kai ina tuƙi, kuma babu filin da ya koya mini zaɓen abin da zan bi in sauka kamar wannan na tsakiyar Sahara.

Garin yana kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, ƙasar Buzayen da ake kira Kel Ahaggar. Direbobi sun datse sunan, Tam kawai suke cewa. Filin jirginsa yana Aguenar, an raɗa masa sunan Hadj Bey Akhamok, wanda ke riƙe da sarautar Buzayen yankin lokacin da Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962. Tsayin filin daga teku ya kusa mita 1,400, ya ɗara na Jos. Arewa da shi ga dutsen Tahat, mafi tsawo a ƙasar, mita 2,900 da ɗoriya, ga kuma wasu tsaunuka tsaitsaye kamar an kakkafa taɓare. Amma abin da ya fi tayar wa matuƙi hankali nisa ne. In Tam ta ƙi karɓarka, filayen da jirgin fasinja zai dogara da su sun yi maka nisa: Janet kilomita 450 a arewa maso gabas, In Salah ta kusa 600, Agadas kusan 700, Kano kuwa sai ka haura 1,200. Abin da ke tsakani dutse ne da rairayi.

Mu mai ke kai mu. Jiragen haya masu gajeren zango, irin waɗanda na tuƙa, ba sa iya ɗinke Sahara daga gaɓar Bahar Rum zuwa Kano ko Legas da tanki ɗaya, dole a yada zango a sha. In kwana ya kama, sai in shiga gari, unguwar Gataa el Oued ko kasuwar Assihar, inda Hausa ke tashi kamar kana Damagaram. Gasasshen naman da garin ya yi suna da shi ma, wanda Larabawan arewa ke nema in sun zo yawon buɗe ido, mainama ake ce masa. Kana jin sunan ka san hannun da ya kawo shi.

A 1905, lokacin da wani fada Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya zo ya zauna a wurin, Tam ƙauye ne na bukkoki ashirin ko kusa da haka. A nan aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916. Amininsa shi ne Janar Henri Laperrine, wanda ya kafa rundunar sojojin raƙuma ta Faransa a Sahara tun 1902, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana auna hamadar nan da tafin raƙumi. Da shi tarihin jirgin sama ya fara a Tam, kuma bai fara da daɗi ba.

A watan Fabrairun 1920 Faransawa suka ƙudura sai sun ƙetare Sahara ta sama. Ranar 18 ga wata jirage biyu ƙirar Breguet suka tashi daga Tam, sun nufi Tin Zawatin a kan hanyar Tambutu. Ɗaya Kwamanda Joseph Vuillemin ke tuƙawa. Ɗayan kujera biyu gare shi, amma mutum uku ke ciki: matuƙi Bernard, makaniki Vaslin, sai Janar a zaune kan cinyar makanikin. Kayan aikinsu kamfas ne da agogo da taswira da ido. An tsara su bi sawun hanya a ƙasa. Sai hazo ya lulluɓe ƙasar, iska kuma ta yi ta tura su gabas ba su sani ba. Kamfas fa hancin jirgi kawai yake nuna wa alƙibla, ba ruwansa da inda iska ta kwashe gangar jikin. Mai ya ƙare. Wajen sauka jirgin ya kife, Janar ya karye a kafaɗa da haƙarƙari. Masu nema suka bazu kan hanyar da aka tsara, alhali mutanen suna can gabas da nisa, suna shan ruwan lagireto. Laperrine ya cika ranar 5 ga Maris, yana da shekara 59. Sauran biyun, ayarin sojojin raƙuma ne ya yi kiciɓis da su a tsakiyar watan, da sauran numfashi. Vuillemin ma ya ɓata, amma ya samu ya sauka wajen Menaka, a Mali ta yau, daga baya ya ƙarasa har Dakar. Aka kawo gawar Janar aka binne kusa da amininsa, garin ya koma amsa sunan Fort Laperrine a takardun Faransawa.

Na sha tunanin wannan mutum in ina saman Ahaggar. Ilimin da ya tara irin na jagoran ayari ne: launin rairayi, siffar dutse, inda rijiya take, da taurarin da Buzaye ke kira Taguwa, waɗanda ke kai ido ga tauraron arewa. Duk ilimin ido ne. Hazo ya zo ya karɓe idon, Janar ya koma daidai da baƙon da ya zo jiya.

Maganin farko da aka samo shi ne na fatake, wato a kafa alama. A hanyar Tanezrouft, can yamma da Ahaggar, tsakanin Reggane da Gao, aka jera garewanin mai, kowace kilomita hamsin guda. Garwa ta biyar ta zama zango, sunanta ya bi duniya, Bidon V. A 1935 aka kafa mata hasumiyar ƙarfe mai fitila, tsawonta ya haura mita 30, aka sa mata sunan Vuillemin. Manyan jiragen da ke zuwa Kwango a wancan zamani wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya suka zaɓa, suka bar wa Tam duwatsunta. Rabon Tam ya zo ta mota: daga 1933 kamfanin Georges Estienne ya buɗe layin Ahaggar, daga Aljas zuwa Tam, Agadas, Damagaram, har Kano.

Wannan hanya ce kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ci abinci a kanta a shekarun 1970. Babbar mota yake ja, ya hau da gero da lalle, ya sauko da dabino. Ya ce daga Tam zuwa Ingizam kilomita ɗari huɗu ne, a lokacin galibi babu kwalta, sai turakun ƙarfe jefi-jefi da suke kira baliz, kuma a rairayin Lawni gawarwakin motoci ma kansu sun zama alama. Dokarsa ɗaya ce: in iska ta taso har baliz na gaba ya ɓace, a kashe mota, a ɗora butar shayi. Da na fara aiki ina yi masa bayanin na'urorinmu da ɗoki, ya saurara har na gama, ya ce, "Ashe ku ma baliz kuke bi, ɗana. Naku dai ba a ganinsa ne." Bai san ya faɗi daidai har a lafazi ba, don da wannan kalma Faransawa ke kiran turken rediyon jirgi. Bambancinmu da shi, mu ba mu da halin kashe inji mu ɗora buta.

Turken rediyo na farko da ya wadata a Afirka shi ne wanda ake rubutawa NDB. Sandar ƙarfe ce da 'yar na'urar watsa murya a ɗaki, tana maimaita sunanta da harufan Morse dare da rana, a zangon da ke dab da na rediyon gida mai matsakaicin zango. A cikin jirgi akwai allura guda da ke juyawa ta nuna inda muryar ke fitowa. Shi ke nan. Da shi aka fara horar da mu a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Yana da arha, makaniki ɗaya ya ishe shi, muryarsa kuma tana bin doron ƙasa ta yi nisa. Saboda zangon ya yi kusa da na tashoshin gida, da dare in muna tahowa daga arewa mukan murɗa mu kamo Rediyon Kaduna, allura ta nuna gida, kunne ya sha waƙa.

Amma allurar nan makwaɗaiciya ce, duk wanda ya kira ta sai ta waiwaya. Walƙiya ta gilma, ta bi walƙiya. Da asuba da almuru, lokacin da muryar rediyo ke dawowa daga sama ta gauraya da ta ƙasa, sai ta yi ta lilo kamar mai neman bori. Kusa da tsauni muryar kan bugi dutse ta dawo, allura ta nuna maka dutsen. Ƙurar hamada kuwa in tana gogar jikin jirgi, tana tara masa wutar lantarki, kunne ya cika da ƙara, allura ta rikice. To, dubi Tam: ga dutse, ga ƙura, ga tsawa a ƙarshen bazara da wutsiyar daminarmu kan kai can, ga shi kuma yawancinmu da asuba muke isa. Mafi muni, in turken ya mutu allurar ba ta shela. Sai ta tsaya cak inda take, kai kana ta yaba wa kanka iya riƙe hanya. Ya taɓa faruwa da ni a wani filin da ba zan ambata ba, janareto ya ɗauke, ba wanda ya gaya mana, sai shirun da na ji a kunne ne ya farkar da ni. Tun daga ranar ban ƙara sauka da NDB ba sai muryar Morse tana kunnena har ƙasa.

Ba ya kuma gaya maka nisa. In ka ratsa samansa allura ta juya baya, sai ka danna agogo ka fara ƙirga. A nan tsayin Tam ke shigo da tasa rigimar. Iskar wurin ba ta da kauri, gudun da jirgi ke yi na gaskiya ya fi wanda ma'auni ke nunawa da kusan kashi goma cikin ɗari, in da zafi ma ya fi haka. Wanda ya ƙirga daƙiƙoƙinsa da lissafin Legas zai wuce inda yake zato, kwanarsa kuma ta yi faɗi, ga duwatsu suna jira.

A ƙasashen sanyi, inda hazon ruwa ke rufe filaye, an daɗe ana neman abin da ya fi wannan. Ranar 24 ga Satumba 1929 Jimmy Doolittle ya tashi ya sauka a Amurka an rufe masa gani ruf, da na'urori kaɗai. Jamusawa suka fito da hasken rediyo na kamfanin Lorenz a shekarun 1930. A Janairun 1938 jirgin fasinja ya sauka a Pittsburgh cikin ƙanƙara yana bin irin wannan haske. Bayan yarjejeniyar Chicago ta 1944, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsayar da na'urori biyu su zama na duniya a wajen 1950, VOR da ILS.

VOR turke ne shi ma, amma mai hankali. Ɗauki jinkar ɗaki, sanduna sun taso daga kowane gefe sun haɗu a ƙololuwa. Haka yake shimfiɗa layuka 360 a sararin sama, kowane da lambarsa, kai kuma ka zaɓi wanda za ka hau, allura ta nuna maka ko ka zame dama ko hagu. Walƙiya ba ta ruɗarsa, dare ba ya ruɗarsa, in ya lalace kuma wata 'yar jar tuta kan faɗo a fuskar ma'auni. In an haɗa shi da ma'aunin nisa, DME, ka huta da agogo. Na Tam sunansa TMS. Har yau ina jinsa a kaina: dogo ɗaya, dogo biyu, gajeru uku. Aibinsa, muryarsa miƙe take tafiya kamar gani. In tsauni ya shiga tsakani, ko ka yi ƙasa da yawa kana nesa, ta yanke. Kuma hagu da dama kawai yake faɗa. Saukowa aikinka ne, mataki-mataki, kana duba nisa kana duba tsayi, har ka kai iyakar da taswirar sauka ta yanka maka, ka tsaya nan kana zare ido.

ILS shi ne ya ɗauke wannan nauyi. Haske biyu ne na rediyo, ɗaya ya ɗora ka kan tsakiyar titi, ɗayan ya shimfiɗa maka gangara mai digiri uku har bakin kwalta. Allura biyu su gicciya, kai dai ka riƙe su a tsakiya. A matakinsa na farko yana kawo ka ƙafa 200, wato mita 60 daga ƙasa, da ganin da bai wuce mita 550 ba in fitilu sun cika. Sai dai ɗan gata ne. Yana son fili shimfiɗaɗɗe a gabansa, yana son wuta ba yankewa, yana son a riƙa turo jirgi na musamman lokaci-lokaci ya gwada gaskiyarsa. Kuma baki ɗaya na titi yake yi wa hidima. Tam titi biyu gare ta, kowane ya haura kilomita uku, baki huɗu ke nan, iska kuwa ba ta shawara da kai kafin ta zaɓi nata.

Ga lissafin da nake so kowane sabon matuƙi ya haddace. A gangara mai digiri uku, kowace kilomita guda kana sauko da mita 52. Wanda ILS ya kawo mita 60, bakin titi bai kai kilomita ɗaya a gabansa ba. Wanda turke ya tsayar a mita 180, yana bukatar ya hango titin tun daga kilomita uku in yana son saukar lafiya. To, in hazo ya bar maka ganin kilomita ɗaya da rabi fa? Na farko zai ga fitilu ya sauka. Na biyu shi ma zai ga titin, amma sai ya zo ƙarƙashinsa, lokacin da ba shi da sauran amfani.

Nan ne makircin hazon Sahara yake, irin wanda muka sani a Kano da hunturu. Kamar ruwan tafki ne mai ɗan gurɓata. Leƙa daga sama, kana ganin ƙasan tafkin. Nutsa ka dubi gaba, ko tafin hannunka ba ka gani. Daga ƙafa dubu goma kana hango Tam tar, titi biyu a gicciye, har motar mai. Zuciya ta ce ai ga shi nan, me za a yi da allura? Ka sauko ka juyo ka fuskanci titi, komai ya koma ruwan kunu, balle in rana tana ƙasa-ƙasa tana dukan ƙurar. Ka tashi sama, ga titi kuma ya bayyana. Haka zai yi ta yi maka gwalo, tanki yana raguwa.

Ni ma ya kusa ci na, a ƙarshen shekarun 1980, ina mataimaki. Kyaftin ɗina wani dattijo ne Basakkwace, mai ƙarancin magana. Tun kafin mu fara gangarowa ya yagi takarda ya rubuta lamba, ya manna a gabana. Ya ce, "Yaro, in mai ya kawo nan, Janet muka yi. Ko titin na kiran sunanka." Muka iso, ga fili fes a ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ana gani, mu zagayo da ido mu sauka." Ya ce, "Kak ka bi idonka. Bi TMS." Muka bi layin, muka sauko har iyaka, ba komai sai ja-ja. Muka tashi. Muka sake, wannan karon na ga bakin kwalta ya wulga ta ƙarƙashin fiffike. Na ce saura ƙiris, na uku zai yi. Bai amsa ba, ya nuna takardar da yatsa. Muka tafi Janet, muka yi zaman jira har la'asar, wanda ya yi hayar jirgin yana ta faɗa a kan kuɗin mai. A lokacin na ji haushin dattijon, ba zan ɓoye ba.

Haushin ya fita ranar Lahadi 18 ga Satumba 1994. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Iwuanyanwu Nationale ta Owerri tana dawowa daga Tunis, inda Espérance ta ci ta uku da nema a gasar zakarun Afirka. Jirginsu na haya, ƙirar BAC One-Eleven, ya biyo Tam da safe don shan mai, ya tarar da hazo. Ya yi fiye da sa'a guda yana kewaya, yunƙuri bayan yunƙuri, har mai ya zo ƙarshe. A yunƙurin ƙarshe ya taɓa ƙasa ba a kan daidai ba, ya bugi abubuwan da ke gefe, ya tarwatse. Mutum biyar suka rasu: matuƙan biyu, ma'aikaciyar jirgi guda, da 'yan wasa biyu, cikinsu har da mai tsaron gida Uche Ikeogu. Ba na ɗora wa mamata laifi, ban zauna a kujerarsu ba, kuma cewa mutum talatin da wani abu sun fita da rai ya nuna sun yi ta fama har ƙarshe. Abin da na sani shi ne, akwai wani minti a cikin wannan sa'a da man zuwa wani fili ya ƙare, daga nan kuma zaɓi ya fita hannunsu. Da na ji labarin, takardar dattijon nan ce ta faɗo mini a rai.

Babban hatsarin Tam, na ranar 6 ga Maris 2003, da jirgin Air Algérie ya faɗi da mutum 103 ɗaya tak ya tsira, wajen tashi ne inji ya mutu, ba maganar sauka ba ce. Na ambace shi ne don kar a ce na manta da su. Allah ya jiƙan musulmin ciki, ya ba iyalan kowa haƙuri.

Sai zamanin ɗan ƙanwata. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila, ya ɓata kwana shida a hamadar nan lokacin tseren Paris zuwa Dakar, daga Tam aka riƙa tashi nemansa har jirgin sojan Aljeriya ya hango shi. Yau wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta isa ta hana wannan. Tsarin tauraron nuna wuri, GPS, ya kammala a 1995, a watan Mayun 2000 kuma Amurka ta daina dusashe shi da gangan ga farar hula. A 2010 taron ICAO ya nemi kowane bakin titi da ake sauka da na'ura ya samu hanyar sauka mai nuna gangara. Ga fili irin Tam wannan alheri ne babba: ba turke, ba janareto, ba ruwanka da inuwar tsauni, kowane baki na titi ana iya zana masa hanyarsa, har a lanƙwasa ta ta kauce wa dutse. Afirka ma ba ta zauna ba. Aljeriya ta harba Alcomsat-1 a Disambar 2017, yana ɗauke da na'urar gyara kuskuren GPS. Hukumar kula da sararin sama ta ASECNA, wadda Nijar ke ciki, ta watsa irin wannan gyara ta tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, aka gwada sauka da shi a Lome a Janairun 2021. Shekarun ƙarshe na aikina da tauraro na yi su, kuma ƙarya nake in na ce na yi kewar agogo.

Sai dai muryar da ke tahowa daga kilomita dubu ashirin raɗa ce. Ƙaramar na'ura a bayan mota tana iya danne ta, wata ma ta kwaikwaye ta ta ba ka wurin ƙarya, allonka kuma ya nuna maka shi da cikakken tabbaci, irin tabbacin allurar nan da ta tsaya cak. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Estoniya wata guda cur, don ana toshe GPS a yankin, filin kuma ba shi da wata hanyar sauka sai ita. Sai da aka koma ga na'urorin ƙasa jirage suka dawo. Tartu kuwa tana da maƙwabta a kusa. Amurka kanta, mai GPS ɗin, da ta zo rage turakun VOR sai ta ware wasu ta ce waɗannan ba za a taɓa ba. Sahara ta yau, da rigingimun Mali da Libiya a gefenta, ba wurin da zan rantse ba ne cewa ba mai irin wannan na'ura.

Don haka ga yadda na jera wa yaron. In akwai ILS a bakin da iska ta yarda, shi ne gaba, ba gardama. In babu, hanyar tauraro mai nuna gangara, amma TMS yana kunne a gefe, an saurari sunansa, ana gwada nisan da yake faɗa da wanda allo ke faɗa. In suka saɓa, a tashi sama tukuna, a yi shari'ar a can. Bayan su sai VOR da ma'aunin nisa. NDB kuwa, duk da shi ya yaye ni, na yarda ya yi ritaya daga aikin sauka a wuri mai dutse da ƙura. Ido shi ne na ƙarshe, sai na'ura ta kawo shi gaban titi ake ba shi magana. Kuma duk jerin nan ba ya aiki sai an rubuta lambar mai tun ana sama, an san filin da za a nufa.

Roƙona ga hukumomin kula da sararin sama, ENNA ta Aljeriya, da ASECNA, da NAMA tamu: ku zana hanyoyin tauraro a kowane bakin titi, amma VOR da DME na Tam, da na Janet, da na Agadas, da na Kano, a bar su a kunne, a ba su wuta, a biya masu gyaransu. Kai kuma ɗana, ran da aka rubuta maka Tam a jadawali, ka sha man Janet tun daga inda ka taso, ko da mai jirgi zai yi tsaki.